Romon Safe

Ina da tukunya a bakin tasha,
Kan hanyar Dange, kusa da masu faci.
Tun assalatu nake hura wuta,
Tumbi da hanji da huhu
Su sha tafasa har su saki miya.

Ba na tambayar kowa inda ya kwana,
Barkono ke tambaya.
Mai cokali ɗaya daga gida ya fito.
Mai cokali uku, hula a karkace,
Ido jajir kamar garwashi,
Wannan a Mami ya raba dare jiya.

Ran Talata Jelani, ɗan ƙanwata,
Mai karatun jami'a, mai cin bashi,
Ya jingina wayarsa a jikin tulu.
Sai ga wata waƙa ta ɓarke,
Kakaki ba irin namu ba, molo mai ƙaton ciki,
Da wani gardi yana kwarma ihu,
Rabi kuka, rabi dariya.

Na ce, wa ya mutu?
Ya ce, Inna, ba kowa.
Mutanen Meksiko ne, can bayan teku,
Inda rana ke tsaye in mu mun kwanta.
Ya bi rubutun waya da yatsa yana fassara:
Wai kansa ya zama turmi,
Mata bakwai na daka a ciki,
Harshe ya bushe kamar kirgi a majema,
Aljihu wayam, takalmi ƙafa ɗaya,
Ya rantse da kabarin kakarsa ya bar giya.

Sai me? Sai ya roƙi romon tumbi,
Mai zafi, a cika masa yaji.
Nan na saki ludayi.
Ashe can ma akwai irina,
Wata tsugune gaban murhu da hayaƙi a ido,
Tana ɗinke abin da dare ya yaga.
Allah mai faɗin duniya.

Ba mu rufe baki ba sai ga Barmo,
Yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta farka.
Luba, zuba mani, cokali huɗu.
Kaina na nan awa an aza mai dutsin niƙa.
Daga yau dai na tuba.
Kai yaro, mi wanga ka faɗi?
Jelani ya sake karanta masa tun daga turmi.
Barmo ya tsaya da loma a hanya.

Ya ce, wa ya kai mai labarina?
Ya dubi ƙasa, muka duba tare:
Dama tasa ce, silifa mai igiya,
Hagu kuwa kufta na wani soja. Kunya!
Direbobi har da riƙe ciki,
Wani ya ƙware da romo.
Shi ko Barmo ya ce a maimaita,
Yana kaɗa cokali a bakin kwano,
Ya ce mawaƙin ya iya, amma matan tara ne,
Bakwai ɗin ƙarya.

A bangon rumfa ina zane da gawayi.
Layin sama bashinsa ne,
Layin ƙasa tubansa.
Na ƙasan ya kai kusurwa ya karya kwana,
Ya fara bin bango na baya.

Can sai ga Hajo, 'yarsa ta biyu,
Da rigar makaranta, da kwano a hannu.
Ta tsaya nesa kaɗan.
Baba, Inna ta ce ba a bar komai ba.
Barmo ya laluba aljihu, ya daɗe a ciki.
Kakaki na ta busa a jikin tulu,
Mu kuwa kowa ya sami abin kallo a ƙasa.
Na karɓi kwanon na cika,
Ban ɗauki gawayi ba, na ce ta gaida uwarta,
Ta tafi lafiya.

Da rumfa ta watse na ce, Jelani,
Duba mini, akwai yarinya a waƙar?
Ya ja yatsa sama, ya ja ƙasa,
Ya ce babu.
Na ce, to wannan mawaƙi mai ci ne,
A tambayi mai tukunya.